Akwatin Sanda da Amyar Ndakotsu

Malam Sanda ya yi rabin rayuwarsa a jirgin ƙasa yana duba tikiti, kuma aikin ya bar masa wata muguwar ɗabi'a: duk wanda ya kalla sai ya ga kamar ya shigo ba biya. Da ya ajiye aikin reluwe a 1987, zaman gida a unguwar Fadikpe ya gundure shi, sai ya faɗa kiwon zuma. Ba gadonsa ba ne, bai ma taɓa riƙe saƙar zuma da hannunsa ba. Wani malamin gona mai suna Andrawus ne ya haɗa shi da akwatin nan na zamani, mai sanduna jere a sama, wanda ake buɗewa a duba ciki. Cikin duk abin da Andrawus ya koya masa, magana ɗaya ce ta zauna: in babu sarauniya babu ƙwai, gidan zuma ya mutu ke nan.

Wurin ajiye akwatin kuwa abokinsa Ndakotsu ne ya ba shi, a gindin wata ɗorawa a gonarsa ta ƙauyen Garatu. Ndakotsu Banufe ne, manomin doya, sun shaƙu tun yana kai doya tashar jirgi. Shi ma sha'awa ta kama shi, ya saƙa amya ta ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya ɗaure a kan kaɗanya can ƙarshen gona. Ta daɗe a rataye ko ƙuda ɗaya bai leƙa ba.

Wata safiya Sanda ya busa hayaƙi ya buɗe akwatinsa, gabansa ya faɗi. Ƙudan sun ragu da kusan rabi. Ya ɗaga saƙa ya ajiye, ya ɗaga wata, babu ƙwai, babu ƙananan tsutsa, sarauniya kuma ko inuwarta. Suna harbinsa a wuya bai ma ji ba. Da ya ɗago kai, sai ya hango amyar Ndakotsu ta cika maƙil, ƙudan suna shiga suna fita kamar ranar kasuwa.

Da mai hankali ne, Andrawus zai fara nema. Sanda kuwa ko gida bai biya ba, ya zarce wurin mai unguwa. Shi a lissafinsa magana ta ƙare: an buɗe masa akwati an ɗauke sarauniya, jama'arta suka bi ta, kamar yadda ake kama kaza 'ya'yanta su biyo.

Aka kira Ndakotsu, ya zo da ƙasar gona a ƙafarsa, yana murmushi, a zatonsa wasa ne. Mutane suka taru. Mai unguwa ya yi iya ƙoƙarinsa.

"Malam Sanda, ƙuda ne fa. Abu mai fiffike. Ku je ku sasanta tsakaninku."

"Ranka ya daɗe, ba na son zuma, ba na son komai. In bai taɓa ba, ya dafa Alƙur'ani."

Kowa ya san nauyin wannan magana, a kan gona ko gado ma dattawa hana ta suke yi. Ndakotsu ya kalli Sanda, sannan ya ce, da Hausarsa ta Nufawa, "Sanda, ni ne fa. Ni za ta dauki abinka?"

Sanda ya kau da kai. Ndakotsu ya nemi buta, ya yi alwala a gaban kowa, ya dafa ya rantse, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Makonni suka shuɗe Sanda bai taka Garatu ba, yana jiran akwati ya ƙarasa mutuwa. Da Andrawus ya dawo daga wata tafiya ya ji labari, sai ya matsa masa su je su gani. Suka tarar da ƙudan suna ta jigilar garin fure a ƙafafunsu. Andrawus ya ɗaga saƙa ɗaya ya juya ta wajen rana.

"Baba, duba nan."

A ƙasan kowane rami akwai wani ɗan farin abu, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙwai ne, sababbi. A gefen saƙar kuma ga wani ɗaki mai kama da ɓawon gyaɗa, bakinsa a buɗe.

"Daga nan sabuwar sarauniya ta fito," in ji Andrawus. "In gida ya cika, tsohuwar takan kwashi rabin jama'a ta tafi, ta bar wa 'yarta. Ita kuma yarinyar sai ta ɗau lokaci kafin ta fara ƙwai. Lokacin ne ka buɗe."

"To ta amyar can fa?"

"Wataƙila taka ce ta dā. Amma da fiffikenta ta je, Baba. Ba wanda ya ɗauke ta."

Sanda ya zauna a kan kunyar doya. Akwatinsa na da rai, abin da ya fi so ya ji ke nan a duniya, amma wallahi a wannan lokacin da ya tarar da shi a mace da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi har ya kasa haɗa ido da Andrawus, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba.

A gida ya gaya wa matarsa Rabi'atu, yana magana yana kallon tabarma. Ya ce yana tunanin ya sami Ndakotsu su biyu a gona, a yi ta a rufe.

"A rufe?" ta ce. "Malam, da za ka sa bawan Allah ya yi alwala, a rufe ka yi? Ni tun ranar nake sauya hanya a kasuwa don kada in haɗu da matarsa."

Haka ya koma wurin mai unguwa, ya roƙa a tara mutanen da suka ga rantsuwar. Ya tsaya a tsakiyarsu, hula a hannu, ya faɗi komai bai rage ba. Wasu suka sunkuyar da kai don tausayi, wannan ya fi masa zagi ciwo.

Ndakotsu ya saurara har ƙarshe. Bai ɗaga murya ba, bai yi gori ba.

"Na yafe, duniya da lahira," ya ce. "Akwati kuma ka bar shi a wurin, kasa na Allah ne."

Sanda ya matsa da sauri ya miƙa hannu biyu, hawaye na zubo masa. Ndakotsu ya karɓa, ya sake.

"Sai dai abu daya, Malam Sanda. Duk ranar da za ka zo duba, ka zo da mutum ya tsaya maka shaida. Ni ba zan iya rantsuwa biyu ba."