Haƙora Hamsin da Biyu

A duk Agege babu wanda ya fahimci keke kamar Malam Mahbub, domin ya yi shekara biyu yana karatun injiniya a jami'a, kuma bai taɓa ɓata iliminsa da hawa ba.

Keken na Harisu ne, mijin ƙanwarsa. Tsohon keken hawa dutse ne ɗan Kwatano, da shi yake kai nama daga mayanka zuwa gidan abincin Iya Bushra a Mushin. Ita ce babbar mai sayensa, kuma ta ce masa in ya sake wuce ƙarfe bakwai ta canza mahauci. Kuskuren Harisu shi ne ya faɗi haka a gaban yayan matarsa.

Ranar Asabar su biyu suka tura keken wurin Ridwanu mai gyara. Mahbub ya tsuguna, ya goge ƙarfen da gefen hula.

“Wannan birkin jabu ne.”

“Oga, shi ne kaɗai ke kamawa,” in ji Ridwanu.

“Shi ya sa na gane. Orijina mai shekara talatin ba ya kamawa haka.”

Harisu ya duba birkin, ya duba Ridwanu. Ba a yi wa yayan mata musu, balle a bakin titi.

Suka bi keken gaɓa-gaɓa. Feda ɗaya da rubutun Japan, ɗaya babu rubutu. Mahbub ya ce mai rubutun ce ta asali, can kuma ya ce a'a, masu jabu ne suka fi son rubutu. Lambar da ke ƙarƙashin keken an shafe rabinta da fenti kore. Mahbub ya sa sauran lambar a waya, aka nuno masa injin wanki.

“To wane ne orijina a ciki, Yaya?” Harisu ya tambaya.

“Tambayar ke nan,” in ji Mahbub, cikin jin daɗi.

Daga nan ya koma kan gudu. A gaba keken yana da faranti uku masu haƙora, inda sarƙa ke hawa. Mahbub ya ce ƙananan biyun na masu hawa dutse ne, kuma a iya saninsa babu dutse tsakanin Agege da Mushin. A cire duka, a sa babba guda mai haƙora hamsin da biyu. Ya yi lissafi a bayan kwalin sigari: minti talatin da ɗaya.

“Oga, kun sa gosulo a lissafin?” Ridwanu ya tambaya. “Da nama kilo arba'in a baya?”

“Kai gyara ka sani. Wannan kimiyya ce.”

Ridwanu ya ce wani abu da Yarbanci, ya ɗauki sufana. Tsofaffin farantan Mahbub ya ba wani ɗan gwangwan da ke wucewa, don kada a yi sha'awar komawa baya.

Ranar Litinin keken ya yi gudu, gaskiya, har tsawon layi guda. Sai motar haya ta danfo ta tsaya a gabansa. Da ta tashi, Harisu ya taka feda, feda ta ƙi. Ya miƙe tsaye a kanta da dukan nauyinsa, keken ya motsa kamar bijimi mai ciwon ƙafa, sai wata danfo ta tsaya. Ya laluba giya don ya sassauta, ya tuna tana cikin buhun ɗan gwangwan. Daga Ikeja ya sauka ya tura, yana ta tunanin inda ya ɓata lissafin, tunda dai takarda ba ta ƙarya.

Takwas da kwata ya isa. Iya Bushra ba ta yi faɗa ba. Wani mahaucin mayankarsu, Shamsu, yana tsaye yana sauke mata cinya.

Da yamma Mahbub ya leƙo gidan.

“Minti nawa?”

“Ban duba agogo ba, Yaya.”

“Ka gani? Wanda ke gudu ba ya duba agogo.”

Harisu ya ce haka ne, ya kawo masa kujera. Bayan ya raka shi bakin layi, ya kira Shamsu a waya ya gaya masa Iya ba ta son kitse da yawa, kuma a riƙa sare mata ƙashin ƙanana-ƙanana.