Kafaɗar Baba Mai Guga

"Ashirin da tara, talatin." Auta ta ɗaga hannuwanta daga ƙirjin Baba Mai Guga, ta kara kunne a bakinsa. Shiru. Ta koma dannawa.

Da hantsi ya faɗi a shagonsa, tsakanin teburin guga da kwandon wanki. Dutsen gugar na kife kan wata farar riga, har ta fara ƙauri. Matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ta dafe ƙofa tana salati.

"Gwaggo, zare wayar dutsen nan. Kin kira yayana?"

"Na kira, ya ce ga su nan."

Yayan Auta ne direban motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti, ita kuwa wata takwas ke nan tana bin motar. Ta iya ɗaga gadon majinyaci, ta iya ɗaure rauni, ta iya danna ƙirji. Iyakarta ke nan. Da motar ta iso, ma'aikacin jinya ya duƙa yana neman jijiya, ita ta ja gefe tana miƙa abin da aka ce ta miƙa. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Sati biyu kafin nan takarda ta zo mata: an ɗauke ta karatun agajin gaggawa na shekara biyu, ranar Litinin ɗin nan mai zuwa za a rufe rajista. Yayanta ya ce ta bari sai baɗi.

"Aikin nan a titi ake koyonsa, Auta. Na sha ganin masu takarda jikinsu na ɓari gaban jini. Ki ƙara shekara hannunki ya faɗa, makaranta ba gudu za ta yi ba."

Ta kusa yarda. Har Baba Mai Guga ta tambaya, ranar da ta kai masa kayan aikinta guga.

"Ni da ban taɓa leƙa aji ba kike tambaya, 'yar nan?" Ya yi dariya, ya zauna kan benci yana haki. Ya murza kafaɗarsa ta hagu, gumi na tsatso masa a goshi. "Ki fara da ni mana, likita. Kwana uku abin nan na sukata har haƙarƙari."

"Gajiya ce, Baba. Ka shafa man zafi."

Ranar rasuwar, a barandar asibiti, ta ba ma'aikacin jinyar wannan labarin. Sai ya ce mata:

"Zuciya ce take magana. Ba laifinki ba ne, ba a koya miki ba."

Washegarin da aka kai Baba makwancinsa, ta sami yayanta yana wanke mota. Ta ɗauki ɗaya tsumman ta tsoma a bokiti.

"Yaya, ranar Litinin zan je rajista."

Bai ɗago ba. "Ko babban likita ne a wurin, in kwana ya ƙare ya ƙare."

"Na sani. Ban ce da ni zan hana ba. Amma mutum ya nuna min inda ke masa ciwo, na tura shi neman man zafi. Ko shekara goma na yi a bayan motar nan, wa zai zaunar da ni ya ce min ga abin da wannan ke nufi? Kowa sauri yake."

"To wa zai riƙa kama min gado?"

"Asabar da Lahadi ina nan. Ba barin titin zan yi ba."

Ya matse tsummansa, ya dube ta sama da ƙasa kamar yau ya fara ganinta. "Taurin kan nan na Umma ne kika kwaso kaf. To wanke tayar da kyau, 'yar makaranta."

Ranar Lahadi da la'asar Gwaggo ta aika a kira ta. Tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, da wata baƙar leda mai kwalayen magani a cinyarta.

"A aljihun teburinsa na gani. Ashe ya je asibiti tun watan jiya bai faɗa min ba. Ko ƙwaya ɗaya bai ɓalla ba. Na mene ne, Auta?"

Auta ta juya kwalin farko, ta juya na biyu. Sunaye dogaye, ba ta san ko ɗaya ba.

"Ban sani ba tukuna, Gwaggo. Amma zan zo in faɗa miki."

Ta ciro sabon littafin da ta saya don makaranta, ta buɗe shafin farko kan gwiwarta. Gwaggo na miƙo mata kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kwafe sunayen, harafi bayan harafi.