Rigar da Aka Ƙara wa Gaba

Har ta haifi nata 'ya'yan, 'Yar Baba ake ce mata, don uban ne ya raine ta shi kaɗai. Uwar ta rasu tana jaririya, ko hotonta babu. Da shi ma ya rasu, ana kwashe kayan ɗakinsa, sai ga wata riga shuɗiya a ƙasan akwati. Ta tambayi gwaggonta ko ta mahaifiyarta ce. Gwaggo ta juya rigar, ta taɓe baki, ta ce ita dai ba ta shaida ta ba.

Wuyan rigar ba lamba, ba sunan kamfani. Ita kuwa abu ɗaya take so ta sani: jikin uwarta ya taɓa wannan yadin ko kuwa?

Ta kai wa wata tsohuwar tela da ke bayan layin masu yadi. Shagon kamar aljihu, keke ɗaya, ƙyallaye ko'ina. Tsohuwar irin mutanen nan ce da ba a yi musu gaggawa. Sai da ta gama sa maɓallin da ke hannunta, ta ciji zaren, sannan ta karɓa. Ko kallon adon ba ta yi ba, ta juya rigar ciki waje.

"Riga ba ta faɗin shekarunta ta waje, 'yata. Kin ga zif ɗin? Na ƙarfe ne, kuma a gefe. Ga soso a kafaɗa, ga kalmasa da hannu. Da uwarki tana raye, sa'ar wa za ta zama?"

"Kamar ke, Inna, ko ta ɗan girme ki."

"To wannan yayin ya wuce tun ina rarrafe. Rigar sa'ar kakarki ce."

'Yar Baba ta ce to. Zuciyarta ta karye, ba ƙarya, har ta ji kunyar daɗewar da ta yi tana shinshina rigar wata. Ta miƙa hannu za ta karɓa, tsohuwar ta buge hannun a hankali.

"Ke dai akwai gaggawa. Na ce na gama ne?"

Ta ja rigar bakin ƙofa inda haske yake, ta bi ɗinkin gefe da farce. Daga ƙasan ƙirji an farke, an ƙara ƙyalle hagu da dama, shuɗinsa bai kai na asali ba. Zaren ma daban, mai santsi, irin wanda ya shigo sanda ita tsohuwar take budurwa.

"Wannan hannu na biyu ne, kuma ba tela ba ce, dubi yadda ɗinkin ya karkace. Sa'ata ce ta gaji rigar ta buɗa ta."

"Ƙiba ta yi ke nan?"

"Mai ƙiba ko'ina take ƙarawa, har hannu. Wannan gaba kawai ta ƙara, ta kuma sauke kalmasar gaba don kada ta ɗage. Ku nawa uwarki ta haifa?"

"Ni kaɗai."

Tsohuwar ta juya rigar daidai, ta ɗora mata a cinya.

"Rantsuwa dai ba zan yi miki ba. Amma in tata ce, ke ma kin taɓa shiga rigar nan."

'Yar Baba ta sa tafinta a kan ƙyallen da aka ƙara. Tsohuwar ta ture ƙyallaye daga benci, ta ce ta gyara zama, ba wanda ke jiran wurin.