Maɓallan da Suka Ƙi Jeruwa

Matata tela ce. Da ta rasu ta bar keken ɗinki da almakashi biyu, da wani babban gwangwani cike da maɓallai. Keken an ba ƙanwarta. Gwangwanin ba wanda ya tambaya, sai na juye shi a tsakar ɗaki na ƙirga. Dubu bakwai da ɗari tara da sha tara.

Ban yi kuka ba. Na dai ga ya kamata a jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, yadda take jera su a kan teburi kafin ta ɗauki allura. Na yi goma-goma, tara suka rage. Na yi bakwai-bakwai, biyu suka rage. Sai in share da gefen hannu in sake.

Auta, 'yarmu, kullum tana zuwa da kwanon abinci. Mai gidan da nake haya yana son ɗakinsa ƙarshen wata, ita kuma ta share mini ɗaki a gidanta.

"Baba, yaushe za mu ɗaure kaya?"

"In sun jeru."

"Ko shayin jiya ba ka sha ba. Ƙuda ma ya gaji ya tafi."

Rannan ta zo da mijinta, mai shagon magani. Ya tsuguna a bakin ƙofa don kada ya taka, ya tambayi adadin, ya daddanna wayarsa.

"Baba, wannan lambar ba ta rabuwa. Ɗaya ce kawai ke raba ta, sai ita kanta. Ko dai layi guda dogo, ko kowane maɓalli shi kaɗai."

"Duk girmanta?"

"Akwai irinta da suka fi ta nesa ba kusa ba. Wata ko ka cika bangon nan da rubutu ba ka kai ƙarshenta ba."

Na yi ta tunanin waɗannan manyan, suna zaune can ba mai raba su. Ban ji daɗi ba, ban ji zafi ba. Na dai gane ba zan tashi daga ɗakin ba ke nan.

A ranar nan, maɓallai saba'in da huɗu nake jerawa a kowane layi. Layuka suka sauko har gindin gado, gefensu a miƙe kamar an ja zare. Guda ɗaya ya rage a tafina, wani ɗan kore mai ido huɗu, na rigar makarantar Auta.

Ta miƙo hannu ta ɗauke shi, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Ga su nan sun jeru," in ji ta. "Wannan yana gidana. Mai son ganinsa ya san hanya."

Na dubi ƙasa. Babu saura, babu giɓi. Na daɗe ina neman abin da zan gyara, ban samu ba.

Mijin ya kawo tsintsiya ya tara su cikin gwangwani. Ni na nemi takalmina.