Sabuwar Salansa

Likita yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, sifana a hannu, tocila a baki, sai ya ga silifas ɗin matarsa sun tsaya daidai kunnensa.

"Baban yara, Yaya ta bugo. Motarta ta ƙi tashi, kai za ka kai Inna asibiti. Ƙarfe goma aka ba ta."

Ya zare tocilar daga baki. "To, ba ni makullin taki."

"Wadda ke wurin fenti tun jiya?"

Hutun mako guda ya ɗauka daga cire wa mutane haƙori, ya ƙarar da shi kaf a kan wannan jar mota mai kujera biyu, wadda ta girmi 'yarsa ta fari. Ya canja filogi, ya juye baƙin mai, ya rage mata tsayi har cikinta ya kusa lasar ƙasa. Bakaniken unguwa ya yi tayin taimako, Likita ya ce wanda ke tumɓuke turmin haƙori ba noti ne zai gagare shi ba. Yau sabuwar salansa yake ɗaurawa.

Ita kuwa mahaifiyarsa shekara uku ke nan kunnenta ya toshe. Tun tana cewa a maimaita har ta daina, ta koma zama shiru a ɗaki. Wata huɗu suka jira kafin likitan kunne ya ba su rana.

Ya ɗaure notin ƙarshe, ya sauke jak, ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ruri da ya sa telan da ke maƙwabtaka ya fito a guje da almakashi a hannu.

"Salansa ka sa mata ko injin niƙa?" matarsa ta tambaya, yatsu a kunne.

"Za ta saba."

"Ita ko mu?"

Su biyu suka riƙe Inna suka zaunar da ita. Ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, kujerar ba ta tare ta ba sai can ƙasa. Ta harare shi ta ce, "Kai, mota ce wannan ko rijiya?"

Ya kama hanya yana lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai. Kowane tudun kan titi sai ya hau shi a karkace, 'yan babur suna yi masa dariya. A danja wani direban bas ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin ƙarfe nawa zai tashi?" Likita ya kafe ido a gaba, gumi na bin wuyansa.

Saura minti goma sha biyu, ga wata tirela ta tare gada tana jan ciki. Ya duba madubi, ya sauke giya, ya taka. Motar ta zabura da ƙara har sitiyari na rawa.

Inna ta damƙe masa hannu.

Ya saki totur, ya shiga ba ta haƙuri, ya manta ba ji take ba.

"Mene ne wannan?" ta ce. "Na ji wani abu."

Ya nuna mata ƙafarsa.

"Sake."

Ya sake takawa. Ta karkata kai tana saurare, bakinta a ɗan buɗe, sai ta ƙyalƙyale da dariyar da ya daɗe bai ji ba.

"Babur ɗin babanku! Haka yake yi idan ya shawo kwanar gida. Tun daga nesa nake ɗora ruwan zafi."

Likita ya ɗan ƙara wuta.

Saura minti uku suka isa. Ya kashe injin, ya zagaya ya ciro ta daga kujerar da ƙyar. Ta gyara mayafi, ta dafa kafaɗarsa, suka nufi ƙofar asibitin a hankali. A kan matakala ta tsaya ta waiwayi motar.

"Idan mun gama," ta ce, "ta doguwar hanya za mu koma."