Mai Cin Inabin Kha

Farantin ya dawo wayam, ko ƙwaya ɗaya ba a bari ba. Sen ta ajiye shi a kan tabarma gaban mijinta.

"Baban Kha, duba. Ya ci."

Luom ya dubi farantin, ya dubi matarsa. Rabon da ya ga haske a idonta tun ranar da motar gishiri ta take ɗansu Kha a kan kekensa, a kwanar da ke ƙasan gonarsu ta inabi. Shi kaɗai suka haifa. A al'adarsu, wanda ya mutu a hanya, a nan kurwarsa take zama, don haka suka gina masa ɗan ɗaki a wurin, na siminti, a kan ginshiƙi, girmansa bai wuce akurkin kaji ba. Sen ta hana a sa hotonsa, wai ƙura za ta ɓata masa fuska. Kullum da safe sai ta yanko nonon inabi mafi kyau, ta ɗora a faranti, ta kunna turaren tsinke, ta shige ƙarƙashin rumfunan gonar da almakashinta. Da rana ta ɗauko farantin yadda ta ajiye shi. Haka aka ɗauki damina biyu, tana ramewa har zobenta ya daina zama a yatsa.

"Ya ci," ta sake cewa.

"To," in ji Luom. "Madalla."

A ransa ya ce tumaki ne, ko tsuntsaye. Amma a ranar Sen ta cinye shinkafarta har da ƙari, shi kuwa ba mahaukaci ba ne da zai tsaya yi mata bayanin tumaki.

Farantin ya ci gaba da dawowa wayam. Sen ta soma taje gashinta. Ta koma zuwa kasuwar kifi. Wata rana ma ta balbale shi da faɗa a kan tokar sigari da ya zubar a cikin kwandon inabi, ta kira shi tsohon banza, ta ce ko akuya ta fi shi tsabta. Luom ya fita bayan gida ya share hawaye, don bai taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Sai dai abin ya tsaya masa a rai. Tunkiya ba ta cin inabi ta bar faranti a zaune daram. Wata safiya, bayan Sen ta shige gona, ya zagayo ta kan titi ya tsaya bayan bishiyar darbejiya.

A shekarar ne aka buɗe hanyar masu keke. An kakkafa alluna masu kibiya tun daga bakin titin garin Phan Rang, hanyar ta ratso gonakin inabi ta gangaro ta wannan kwana. Baƙi daga ƙasashe masu nisa suke zuwa, da hulunan kwano da gajerun wanduna masu matse jiki, su biya kuɗi don su sha wahalar da mutanen ƙauyen suke sha kyauta. Kusan kowace gona ta kafa ɗan tebur a bakin hanya da farantin ɗanɗano, ko baƙo zai ji daɗi ya saya.

Luom ya ji ƙarar ƙararrawarsu kafin ya gan su. Suka gangaro a jere. Wani dogon saurayi da rana ta mayar da wuyansa ja ya taka birki a gaban ɗakin Kha. Ya miƙa hannu ta gefen turaren da ke ci, ya ɗauko inabin, ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya lumshe ido. Ya kira abokansa suka yagi rabonsu, suna dariya, har wata ta ɗauki hoton ɗakin.

Luom bai san lokacin da ya fito ba. Bai san me ya faɗa ba, ya dai ga saurayin ya daskare da inabi a kumatu.

Diep ce jagorarsu, 'yar maƙwabcinsa, wadda suka yi makaranta tare da Kha. Ta tsaya a baya tana gyara wa wani sarƙar keke, sai yanzu ta iso. Tana ganin karan inabi a hannun baƙon ta dafe kai.

"Wayyo, Kawu! Ka yi haƙuri. Sun ɗauka na ɗanɗano ne. Ni kullum a baya nake tare da masu gajiya, ban taɓa lura ba."

"Ba ki lura ba! Idon naki na ado ne? Abincin mamaci fa suke ci, Diep. Abincin abokinki."

Ta juya ta yi wa baƙin magana da harshensu. Fuskar saurayin ta ƙara ja. Ya haɗa tafukansa ya rusuna wa ɗakin, ya rasa inda zai sa karan da ke hannunsa. Luom ya so ya ci gaba da jin haushinsa, amma yaron sa'an Kha ne.

"Zan riƙa gargaɗinsu tun daga farkon hanya," in ji Diep. "Ko mu sa allo."

"Allon me? Goggonki ba ta iya karatu ba ne?" Ya rage murya, ya waiwayi rumfunan. "Ta ɗauka shi ne yake ci. Da wannan take rayuwa. In ta zo wata rana ta tarar da ƙaton nan yana tauna, sai dai mu gina ɗaki na biyu. Ki ɗauke su daga hanyar nan gaba ɗaya. Ku bi ta gonakin gishiri, ku ɓulla bakin teku."

"To farantin fa? In ya daina ƙarewa ai za ta ce ya yi fushi."

"Wannan aikina ne."

Diep ta ce, "Kawu, ka yi shawara da ita?"

"In ce mata me?"

Luom mutum ne da ba ya roƙo, don haka da ya bi gida gida yana roƙon dattawan ƙungiyar manoma, babu wanda ya iya ce masa a'a. Masu tebura a bakin hanya sun yi gunaguni, amma a bayan idonsa. Aka ciccire allunan aka mayar da su hanyar teku. Kwanar ta koma yadda take a da, sai babur jifa-jifa da garken tumaki.

Yanzu kullum sai ya bari Sen ta shige gona, ya lallaɓo ta titi kamar ɓarawo, ya kwashe inabin a cikin malafarsa. Ranar farko ya gwada cin ƙwaya ɗaya, ta ƙi wucewa a maƙogwaro. Daga nan ya riƙa watsa wa tumaki. Yana jin kunyar ɗansa, yana kuma jin cewa ya yi dabara, kuma a gaskiya jin dabarar ya fi yawa.

Farantin bai fasa dawowa wayam ba. Amma Sen ta daina nuna masa. Sai ta wanke shi ta kife. Ta soma barin shinkafarta a kwano, sannan ta koma juya ta kawai da tsinken cin abinci. Ya zubar da tokar sigari a tsakiyar ɗaki da gangan, ta ɗauko tsintsiya ta share, babu ko zagi ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai. Ya duba ko ya bar sawu a wurin, ko wani ya kai mata gulma. Ya tare Diep a hanya, ta rantse ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ƙara da cewa baƙi sun fi son sabuwar hanyar nesa ba kusa ba, har an zuba mata siminti, an soma gina rumfunan hutawa a bakin ruwa.

Wata safiya ya zo kwanar ya tarar babu faranti, babu turare.  Ya tsallaka shinge ya shiga gonar ta ƙasa, yana sunkuye saboda rumfunan ba su kai tsayinsa ba, yana kiran ta.

A layin ƙarshe ya same ta, dab da shinge, zaune a kan 'yar kujerar katako. Farantin na kan cinyarta da inabinsa. Ƙafafun kujerar sun nutse a ƙasa, ciyawar wurin ta daɗe da mutuwa. An datse ganyen da ke gabanta daidai faɗin fuska. Luom ya durƙusa ya leƙa ta wurin, sai ga ɗakin Kha da kwanar gaba ɗaya, har da darbejiyar da yake laɓewa.

Ya juyo gare ta.

"Tun yaushe kike zama a nan?"

"Tun washegarin ranar da na ce maka ya ci." Ba ta dube shi ba. "Ranar farko na yarda, ba zan ɓoye maka ba. Kashegari na zo in gan shi. Sai na ga wasu."

"Kin sani ke nan."

"Ka ɗauka na haukace ne, Baban Kha? Ni na wanke gawar yaron nan da hannuna. Na san matattu ba sa tauna."

"To me kike kallo?"

"Yara." Ta shafa gefen farantin. "Suna gangarowa da gumi, ƙishi ya kama su. Ba sa ma sauka, sai su dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, su cika baki, ruwan na bin haɓarsu. Haka Kha yake yi in ya dawo, ina faɗa yana dariya. In suka juya baya da hular nan a kai, duk ɗaya suke. Wata rana sai a sami mai irin kafaɗarsa. In na ga wannan, sai in ji yunwa."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da na faɗa, da ka kore su. Ai na san ka." Sai yanzu ta ɗago ido, babu fushi a ciki, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo. "Na yi shiru, ka kore su duk da haka. Ina nan zaune ranar da ka yi wa yaron mutane tsawa. Ina kallon ka kullum kana ba tumaki."

 Luom ya so ya ce zai je wurin Diep, zai sake bin dattawa gida gida, amma ya san an riga an zuba siminti, ita ma ta sani.

Ya karɓi farantin daga cinyarta. Ya tsallaka shinge ya ɗora shi a ɗakin Kha, ya kunna turare. Sannan ya haura gida da sauri, ya jawo tsohon kekensa na ɗaukar taki daga bayan randunan ruwa, wanda bai hau ba tun rasuwar. Ya ba tayoyin iska. Ya hau, gwiwoyinsa na ƙara, ya gangaro, kan keken na kaɗawa hagu da dama. A gaban ɗakin ya ja birki, birkin ya ƙi, sai da ya ja ƙafa a ƙasa, takalminsa ɗaya ya fice. Ya tsaya yana haki. Ya miƙa hannu ya tsinko inabi ya cusa a baki, ya tauna da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya juya wa shingen baya.

Ya daɗe a haka. Babu abin da yake ji sai iska a cikin ganye.

Can ya ji takunta a kan tsakuwa. Ta tsinto takalmin ta ajiye a gaban ƙafarsa, ta riƙe kan keken da hannu biyu.

"Sauko, Baban Kha," in ji ta. "Kwanar nan ta ci ɗaya, ya ishe ta."

Ya sauko. Suka haura gida a ƙasa, shi yana tura keken, ita tana riƙe da gefen rigarsa.