Sunan Ɗan Fari

Da ƙungiyar unguwa ta fara neman dattawan da za su riƙa jan marayu a jiki, Ɗanmalam ne ya fara ɗaga hannu. Ba don ya iya tafiyar da yara ba. Tun da ya ajiye aikin laburare a Samaru, ba shi da abin yi sai gyara wa 'yan rediyo Hausa daga kan kujerarsa, su kuwa ba sa jin sa. Tsarin ba wuya: a haɗa babba da yaro, kowace Asabar su zauna, a duba karatu, a taɓa hira.

Malama Fatsuma, mai haɗa su, ta kawo masa wani siririn yaro daga Sabon Gari, ɗan wata tela, Oluwatoyin, wadda mijinta ya rasu a haɗarin mota. Ta ce, "Malam, ga ɗanka, Umar Farouk."

Ɗanmalam ya gyara hula, ya dubi ƙasa. Sunan ɗansa na fari ke nan, wanda sikila ta ɗauke yana firamare. Kamar yadda ya tarar iyayensa suna yi, bai taɓa ambaton sunan ɗan fari ba, saboda kunya. Daga "kai" sai "wancan", sai "yaron gidan nan". Har aka kai yaron makwancinsa, sunan bai fito daga bakin ubansa ba.

Haka Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa. Ya koya wa yaron facin keke, yaron ya koya masa yadda ake kashe ƙarar waya a masallaci. Sukan sayi awara su ci a gindin dalbejiya. Idan zai kira shi, sai ya ce "samari", ko "kai malam". A zuciyarsa kuwa ya san ya fara jiran Asabar kamar mai azumi da kiran magariba.

Rannan yaro bai zo ba. Mako ya zagayo, shiru. Ɗanmalam ya hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari, ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon.

"Baba, sannu da zuwa, zauna," in ji Oluwatoyin, ƙafarta na kan keken ɗinki. "Ɗanka ya ce ba zai koma ba. Na ma shirya gobe in je wurin Malama Fatsuma ta canja masa wani."

"Laifin me na yi? Ko awarar ce ba yaji?"

Ba ta yi dariya ba. "Ya ce har yau ba ka san sunansa ba. Baba, a wurinmu ubansa kafin ya sha ruwa da safe sai ya kira shi, ya yi masa kirari. Tun da ya rasu, ba namijin da ya kira shi haka. Shi ke nan abin da yake jira."

Ɗanmalam ya dubi ƙyallayen da ke ƙasa. Can ya ce, "Sunan ɗana ne na fari. Ya rasu."

Keken ya tsaya. A Zariya aka haife ta, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

"Allah ya jiƙansa," ta ce a hankali. "Amma Baba, wannan ba ɗan farinka ba ne. Nawa ne, ni kuwa ba na kunyarsa. Ga shi can bayan shaguna, suna ƙwallo."

Ya tashi ya zagaya. Yaron na tsaye a raga tsakanin duwatsu biyu. Ya hango shi sarai, ya kau da kai. Ɗanmalam ya buɗe baki, "samari" ta riga ta hau harshe, ya haɗiye ta. Mutumin da ya ƙare rayuwa yana gyara wa mutane magana, ga kalma biyu sun gagare shi.

"Umar Farouk!"

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ta zakaran da ya kwana a ruwa. Yara biyu suka waiga, har da wani mai rake, don sunan ba nasa ba ne shi kaɗai. Nasa yaron ya bar raga, ya tako a hankali, ya tsaya gabansa.

"Na'am."

Amsar da Ɗanmalam bai taɓa nema daga wancan ba, ga ta a bakin wannan. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, alhali ba abin da ya same shi.

Yaron ya sosa ƙeya. "Baba, sake faɗa. Ban ji sosai ba, janareta ya cika ƙara."

Ba janaretan da ke aiki a layin. Ɗanmalam ya mayar da tabarau, ya sake faɗa.